Haƙƙin Mamaci: Ina Kuɗin Fansho Ke Tafiya Idan Ma'aikaci Ya Rasu?

Idan ma'aikaci ya rasu, abokan aikinsa sukan zo ta'aziyya cikin motar ofis, su yi addu'a, su miƙa ɗan abin da suka harhaɗa. Albashi kuwa ba ya daɗewa yake tsayawa. Kafin sadakar arba'in gida ya shiga lissafi: ga haya, ga kuɗin makaranta, ga cefane. A nan ne wani daga cikin dangi zai ce ai marigayi yana da haƙƙi a wurin aiki, kowa ya gyaɗa kai. Amma nawa ne haƙƙin, a hannun wa yake, wa ke da ikon karɓarsa, da wuya a samu mutum ɗaya a zauren makokin da zai ba da amsa.

Amsar tana cikin doka. A 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a kan Dokar Gyaran Fansho, wadda ta kawo tsarin da ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki ke zuba kuɗi tare kowane wata, ta kuma kafa Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, wadda Muhammad K. Ahmad ya fara shugabanta. Kafin nan fansho daga kasafin kuɗin gwamnati yake fitowa, idan an ware a biya, idan ba a ware ba tsofaffi su yi ta faɗuwa a layin tantancewa. A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta maye gurbin ta farko. Ita ake aiki da ita yanzu. Ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba su cikin asusu mai sunan ma'aikacin da lambarsa. Kamfanin kula da fansho ne ke juya kuɗin, wani kamfanin daban kuma ke riƙe da su, don kada mai juyawa ya zama shi ne mai ajiya. A shekarar 2024 dukiyar da ta taru a wannan tsari ta haura naira tiriliyan 20, asusun da aka buɗe kuma sun wuce miliyan 10.

Abin da ya fi muhimmanci ga iyali shi ne wannan: kuɗin da ke cikin asusun mallakar ma'aikacin ne, ba alfarmar ofis ba ce. Ranar da ya rasu, ko ya yi shekara uku yana aiki ko talatin, duk abin da aka zuba da ribar da ya haifa ya zama dukiyar da ya bari.

Akwai kuma kuɗi na biyu, wanda ma'aikata da yawa har su koma ga Allah ba su taɓa jin labarinsa ba. Sashe na 4 na dokar ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa kowane ma'aikacinsa inshorar rai, wadda darajarta ba za ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa da alawus na shekara ba. Mai ɗaukar aikin ne ke biyan kuɗin inshorar daga aljihunsa, ba a cire ko kwabo daga albashi. Ba kuma sharaɗi ba ne mutum ya rasu a bakin aiki. Ko zazzaɓi ne ya kwantar da shi a gida, ko haɗarin mota a hanyar zuwa bikin ƙanwarsa, muddin yana ma'aikaci a ranar, inshorar ta hau. A misali, malamin da ke ɗaukar naira miliyan 1.2 a shekara, iyalinsa na da aƙalla miliyan 3.6. Ga matashin da bai daɗe da kama aiki ba, wanda asusunsa bai tara abin kirki ba, wannan kuɗin ne babba, kuma irin wannan matashi ne ke barin yara ƙanana.

Dokar 2004 ta ce a zuba kuɗin inshorar cikin asusun fansho na mamaci, a haɗa su wuri ɗaya. Ta 2014 ta raba hanya. Yanzu kamfanin inshora kai tsaye yake biyan wanda ma'aikaci ya ambata a takardar inshorar. Kuɗin asusu kuwa ba ya fita sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci, sannan PenCom ta amince. Hukumar tana riƙe da wannan iko gam. Ko a 2025 da ta sakar wa kamfanonin fansho mara su riƙa biyan yawancin haƙƙoƙin masu ritaya ba tare da jiran sa hannunta ba, kuɗin mamaci na cikin waɗanda ta ce sai sun bi ta teburinta.

A nan ne rigima ke farawa a gidaje da yawa. Ranar da saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ya cike fom ɗin kama aiki, an tambaye shi sunan wanda ya fi kusa da shi, sai ya rubuta yayansa ko mahaifinsa, domin bai yi aure ba. Shekaru suka tura, ya yi mata biyu, ya haifi 'ya'ya, fom yana nan cikin fayil yadda yake. Da ya rasu sai yayan ya ɗauka dukiya ta zama tasa, tunda sunansa ne a rubuce. Ba haka ba ne. Wanda aka rubuta a fom ɗin fansho mutum ne da za a tuntuɓa, ya kai labari, ya taimaka da takardu. Rubuta sunansa bai mayar da shi mai gado ba. Sashe na 8 na dokar ya fayyace cewa za a saki kuɗin ne ga wanda kotu ta damƙa wa kula da dukiyar, a raba bisa wasiyya ko bisa dokar da ta shafi mamacin shi kansa. Ga Musulmi, wannan na nufin rabon gado irin na shari'a.

Bari a buga misali da lissafi. A ƙaddara ma'aikaci ya bar naira miliyan 4.8 a asusunsa bayan an fitar da bashin da ake binsa, bai kuma yi wasiyya ba. Ya bar mata biyu, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matan za su raba tumuni, wato naira 600,000, kowacce 300,000. Mahaifiya tana da sudusi, naira 800,000. Ragowar miliyan 3.4 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu: kowane ɗa miliyan 1.36, 'yar kuma 680,000. Yayan da sunansa ke fom ba shi da ko sisi, domin 'ya'ya maza sun katange shi. Idan shi kotu ta ba amanar karɓowa, to amana ce ya ɗauka, ta marayu kuwa, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san gargaɗin da ke cikin Suratun Nisa'i game da dukiyarsu.

Kuɗin inshora ya fi wannan sarƙaƙiya, tunda doka ta ce a ba wanda aka ambata. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan kuɗi. Wasu na ganinsa cikin abin da mamaci ya bari, a raba shi gado. Wasu na ganin ba mallakarsa ba ne yana raye, kyauta ce daga wurin aiki ga waɗanda aka ayyana. Ko wanne mutum ya bi, takardar da ke ɗauke da sunan mahaifin da ya riga ɗansa rasuwa, ko matar da aka rabu da ita shekara goma da suka wuce, ba abin da za ta haifar sai jinkiri da gaba. Masu ƙyamar inshora saboda riba da rashin tabbas su sani akwai kamfanonin takaful masu lasisi a Najeriya, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, sannan tun 2021 PenCom ta buɗe wani asusu, da ake kira asusu na shida, wanda ba a juya kuɗinsa ta hanyar kuɗin ruwa, ma'aikaci na iya neman a mayar da ajiyarsa can.

Sai batun takardu, wanda shi ne ya fi cin ran iyalai a arewa. Musulmi ba ya kwana idan ya rasu da rana. Da yawa a gida suke cikawa, a yi musu wanka, a sallace su, a kai su makwanci cikin 'yan sa'o'i, babu likitan da ya gani balle ya rubuta. Wata uku bayan haka sai a ce wa iyali su kawo shaidar mutuwa. Ƙa'idojin PenCom sun yi la'akari da haka. Bayan takardar asibiti da rajistar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ana karɓar shaidar binnewa daga ƙaramar hukuma, ko daga shugaban al'ummar Musulmi ko alƙalin kotun shari'a, ko daga shugaban coci mai rajista. Idan haɗari ne, ana neman rahoton 'yan sanda. Wurin aiki ma zai rubuto wasiƙa yana tabbatar da rasuwar.

Takardar izinin kula da dukiya ita ce tudun da ya fi wuyar hawa. A babbar kotun jiha ake nemanta, a sashen da ke kula da kayan mamata. Za a cike fom, a lissafa dukiya, a kawo masu tsayawa, a buga sanarwa a jarida don mai ƙorafi ya fito, a biya wa gwamnatin jiha wani kaso na darajar dukiyar. A jihohin arewa ana kuma karɓar umarni mai hatimi daga kotunan da ke raba gado, abin da ya rage wa mutane wahala. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a manta a sa asusun fansho cikin jerin dukiyar. A rubuta gida da gona da asusun banki, a kai takarda kamfanin fansho, a ce ba ta ambaci kuɗin da ke hannunsu ba, sai a koma kotu.

Duk wannan zirga-zirga tana faɗowa ne a daidai lokacin da matar mamaci take takaba, wata huɗu da kwana goma tana cikin gida. Ita ce ta fi kowa buƙatar kuɗin, ita ce kuma ta fi kowa nisa da ofisoshin. Maza ne ke fita da fayil, kuma ba kowane ɗan'uwan miji ne ke dawowa da cikakken labari ba. Wannan ba laifin takaba ba ne. Laifin shirun da ake yi ne tun mai gida yana raye, inda mace za ta yi shekara ashirin a ɗakin miji ba ta san sunan kamfanin fanshonsa ba, balle lambar asusunsa. Akwai mazan da ke ganin faɗa wa mace irin wannan tamkar kiran mutuwa ne, ko buɗe mata ido a kan dukiya. Amma mutumin da ya yarda matarsa ta riƙe masa 'ya'ya ba shi da hujjar ɓoye mata lambar da za ta ciyar da su. Kotuna kuma ba su hana a sa mace cikin masu kula da dukiyar mijinta ba, kuma iyalin da suka sa ta sun toshe ƙofar zargi tun kafin a buɗe ta.

Dokar ta tuna har da wanda ya ɓata. Idan aka bayyana ɓatan ma'aikaci, shekara guda ta cika ba a gan shi ba, kwamitin bincike da PenCom ta kafa kuma ya gamsu cewa akwai dalilin ɗaukar ya rasu, to za a bi da haƙƙinsa kamar na mamaci. A da wannan sashe kamar ado ne a takarda. Bayan shekarun rikicin Boko Haram a Borno da Yobe, da sace mutane a hanyoyin Zamfara, Katsina da Kaduna, akwai gidajen da wannan tanadi ya zama nasu.

Wanda ya rasu bayan ya yi ritaya kuwa, abin da iyali za su samu ya dogara da zaɓin da ya yi ranar da ya ajiye aiki. Idan ya bar kuɗinsa a kamfanin fansho ana yanka masa kowane wata, duk abin da ya rage a asusun na magada ne. Idan ya kai kuɗin kamfanin inshora ya sayi fanshon har ƙarshen rai, za a biya shi ko da ya kai shekara ɗari, amma lamunin da aka ba iyali na shekara 10 ne. Ya rasu a shekara ta shida, za a biya magada na sauran huɗun. Ya rasu a ta goma sha ɗaya, babu abin da ya rage musu, sai dai in tun farko ya sayi tsarin da ya haɗa da matarsa. Ko wanne na da amfaninsa: na farko zai iya ƙarewa mutum yana raye, na biyu ba ya ƙarewa amma ba ya barin gado mai yawa. Dattijon da ke da yara 'yan firamare a gida ya kamata ya ji wannan bayani dalla-dalla kafin ya sa hannu, ba daga bakin dillalin da ke jiran lada kaɗai ba. Inshorar ninki uku kuma ta masu aiki ce, tana ƙarewa ranar ritaya.

Ba kowa ne ke cikin wannan tsari ba. Sojoji da jami'an leƙen asiri an fitar da su tun 2011, suna da nasu hukumomin. 'Yan sanda suna ciki, da kamfaninsu na kansu. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka rage a tsohon tsari suna ƙarƙashin hukumar PTAD, kuma a can lamunin na shekara biyar ne: wanda ya rasu kafin ya cika shekara biyar da ritaya, iyalinsa za su ci gaba da karɓa har wa'adin ya cika. Jihohi kuma kowacce da dokarta. Kaduna ta shiga tsarin asusun kai a 2017. Jigawa tun 2001 take da nata, inda ake zuba kuɗi a asusu ɗaya na bai ɗaya, a biya kowa bisa albashinsa da shekarun aikinsa. Kano ma irinsa take bi tun 2006, a ƙarƙashin hukumar amintattun asusun fansho. Bambancin yana da girma ga magada. A asusun bai ɗaya babu kuɗin da ke ajiye da sunan mamaci, layi ake bi, idan asusu ya yi rauni layi ya tsaya. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na sama da naira biliyan 48, ta kuma fara biya da biliyan 6 a ƙarshen 2023. Cikin waɗanda ke wannan layi akwai marayun da suka girma suna jira.

Ma'aikatan tarayya da suka fara aiki kafin 2004 su ma suna da nasu jiran. Haƙƙin shekarun da suka yi a tsohon tsari bashi ne a wuyan gwamnati, sai ta saki kuɗin a zuba a asusun mutum kafin lissafi ya cika, kuma jinkirin sakinsa ya sha riƙe iyalai watanni masu yawa. A farkon 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a ciwo bashin naira biliyan 758 don sauke irin waɗannan basussuka na fansho.

Akwai wata ƙofa da ake yawan mantawa da ita. Idan aikin ne ya yi sanadin mutuwar, kamar direban kamfani da ya yi haɗari a bakin aiki ko leburan da inji ya kama, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta shigo. Masu ɗaukar aiki suna biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya ga asusun NSITF, shi kuma ya biya iyali kowane wata. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana da kashi 90 cikin 100 na albashin mijinta, mai ɗa ɗaya kashi 85. Wannan daban yake da kuɗin asusu, daban da na inshora. Sai dai yana da wa'adi, domin doka ta ce a shigar da buƙata cikin shekara guda da rasuwar.

Abin da ya fi ɓata rai a duk wannan lamari shi ne halin wasu masu ɗaukar aiki. Akwai kamfanoni da makarantu masu zaman kansu da ke cire kashi 8 daga albashi kowane wata, su rubuta a takardar albashi, amma ba su aika ko'ina. Doka ta ba su kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi su zuba kuɗin, ta kuma ɗora tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da aka riƙe ba a kowane wata. Wannan cin amana ne, kuma sau da yawa ba a gano shi sai mai kuɗin yana ƙasa, magada su je su tarar da asusu fayau. Haka inshora: ƙa'idar kamfanonin inshora a Najeriya ita ce in ba a biya ba, babu kariya. Ofishin da ya yi sakaci bai sabunta ba a shekarar da ma'aikaci ya rasu, kamfanin inshora ba zai ba da komai ba. Amma iyali ba su yi asara ba a idon doka, domin sashe na 4 na dokar fansho ya ce mai ɗaukar aikin da ya ƙi biya ko ya yi sakaci, shi zai biya haƙƙin mamacin daga aljihunsa. Manajan da ya ce wa matar mamaci "ba mu yi inshora bana ba, sai haƙuri" ya amsa bashi ne da bakinsa.

Ma'aikaci na iya gano duk wannan tun yana da rai, cikin yini guda. Kamfanonin fansho suna aika bayanin asusu ta waya ko ta intanet, kuma watan da ba a zuba ba a fili yake fitowa. Ƙa'ida ta ce a liƙa takardar shaidar inshorar rai a inda ma'aikata za su gani, wanda bai gan ta ba yana da ikon tambaya. Sabunta suna, da gyara bambancin da ke tsakanin sunan da ke fayil da wanda ke katin ɗan ƙasa, a ofishin kamfanin fansho ake yi, kuma kyauta ne. Wanda kamfaninsa ke masa wasa, tun Nuwamba 2020 yana da damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara. Iyalin da aka riƙe wa haƙƙi kuma ba sai sun nemi ɗan tsakiya mai cin kaso ba, suna iya kai ƙorafi a rubuce, da lambar fanshon mamaci, kai tsaye ga PenCom: hedikwatarta tana Abuja, ofishin arewa maso yamma yana Kano, na arewa maso gabas a Gombe, na arewa ta tsakiya kuma a Ilori.